Shin ƙawata bidiyon darasi yana ƙara wa ɗalibai fahimta?

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce, ina haɗa wa ɗalibaina gajerun darussa na bidiyo. Wata abokiyar aikina ta ce in riƙa sa kiɗa da hotuna masu ban dariya, wai ɗalibin da ke cikin nishaɗi ya fi saurin ɗaukar karatu. Haka ne?

Amsa: Malama, maganar abokiyar aikinki akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ɗalibin da ransa ya yi fari yakan daɗe a kan darasi, ya kuma ƙara ƙwazo. Inda gizo ke saƙa shi ne irin adon da kuma wurin da aka sa shi.

Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa tana sarrafawa a lokaci guda ɗan kaɗan ne. A kan haka masanin ilimin koyo John Sweller ya gina nazarinsa na 1988 game da nauyin da darasi ke ɗora wa tunani. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya ƙara da cewa saƙo yana shiga ta ido da ta kunne, kuma kowace hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Duk abin da kika saka a bidiyo, sai ya ci nasa rabon.

A 1998 Shannon Harp da Mayer sun ba ɗalibai darasi kan yadda walƙiya ke samuwa. Wasu an ba su bayanin zalla, wasu kuma an cusa musu labarai da hotuna na mutanen da tsawa ta faɗa wa. Labaran akwai jan hankali, amma waɗanda suka karanta su ne suka fi kasa kawo matakan samuwar walƙiyar. Kiɗa ma haka: a 2000 Roxana Moreno da Mayer sun gano cewa sa shi a ƙarƙashin muryar mai bayani yana rage fahimta. Ba mamaki, tunda ta kunne ɗaya suke shiga.

To, amma a 2012 Eunjoon Um da Jan Plass da abokan aikinsu sun bi ta wata hanya. Darasinsu kan garkuwar jiki ne. Ba su ƙara ko jimla ɗaya ba, ƙwayoyin da ake magana a kansu suka sake wa kama: suka yi su kewayayyu, da idanu kamar fuskar mutum, da launin rawaya da ruwan lemo, maimakon ruwan toka. Waɗanda suka kalli wannan sun fi jin daɗin darasin, sun kuma fi fahimtarsa. Mayer da Gabriel Estrella sun ga makamancin haka a 2014 da darasin yadda ƙwayar cuta ke jawo mura. A nan adon yana jikin abin da ake son ɗalibi ya kalla ne, don haka idonsa bai bar darasin ba.

Sai ki gwada haka. Idan kina koyar da zagayawar jini, ki yi wa ƙwayar jini guda fuska, ɗalibai su bi ta daga zuciya zuwa huhu, launinta ya sauya a daidai inda ta ɗauki iskar oksijin. Mage mai rawa a gefen allo kuwa, ki cire ta komai kyanta. Ki sa kiɗa a buɗewa da rufewa kaɗai. Ki yi magana da muryarki kamar suna gabanki, ki ce "zuciyarku" a maimakon "zuciyar ɗan Adam". Ki kuma yanka darasin guntu-guntu yadda mai kallo zai tsaya ya numfasa, domin wanda bayani ya tsere wa fargaba ce ke kama shi, ita ma fargabar tana cin wurin da tunani ke buƙata.

Yawancin gwaje-gwajen nan da ɗaliban jami'a aka yi su, a kan gajerun darussa, saboda haka ki auna naki ajin. Kada ki tambaye su ko bidiyon ya burge su, kowa zai ce e. Ki tambaye su me zai sami jinin in huhu ya kasa aiki.