Ga ƙanenmu da sabon kanel ɗinsa ya ƙi ganin faifai

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka sayi laftof na hannu a Tip Toe Lane can Circle a Accra, ka sa masa Debian, ka gina kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan cikin na'ura, da kanka don ya rage nauyi. A menuconfig, allon zaɓen abin da za a gina cikin kanel, ka shiga "Block devices" ka kunna duk abin da ke ciki, amma da ka sake kunna na'urar sai ta tsaya cak da rubutun "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Kana tambaya ko faifan ne ya mutu.

Kwantar da hankalinka, faifanka lafiyarsa ƙalau, tunda tsohon kanel yana tashi da shi. Sunan wurin ne ya ruɗe ka, kamar yadda ya ruɗi da yawa daga cikinmu. Abin da ke cikin "Block devices" galibi faifan aro ne: loop mai mayar da fayil kamar faifai, zram da ake yankowa daga RAM, nbd na kan netwok, virtio na kwamfutar da ke gudana cikin wata kwamfutar, har da tsohon fulofi. Direban faifan da ke cikin laftof ɗinka, wato manhajar da kanel ke magana da faifan ta hanyarta, ba ya nan ko kaɗan.

Kada ka yi ta zato, tambayi na'urar da kanta. Koma tsohon kanel ka buga lsblk -f. Idan ka ga sda, SATA ne. Idan nvme0n1 ne, NVMe ke nan. Mmcblk0 kuwa eMMC ne, irin na ƙananan laftof masu araha. Sai ka buga lspci -k ka duba layin "Kernel driver in use" a ƙarƙashin kontirolar faifan. Sunan da ke wurin shi za ka nema, kuma a menuconfig in ka danna / zai kai ka inda yake, ya nuna maka abubuwan da ya dogara da su.

A kan SATA zan tsaya kaɗan, don nan na sha wuya. A 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya yi tsanani, wata makarantar Islamiyya a Maamobi ta samu tsofaffin kwamfutoci, aka kawo mini su shagona a Nima in sa musu abin da za su iya ɗauka. Na kunna libata, sashen kanel mai kula da faifan SATA, na kunna AHCI, direban kontirolarsa, na kunna ext4, tsarin fayil ɗin faifan. Da na zo kan "SCSI disk support" sai na ce wannan na manyan sabobi ne, ina ruwan waɗannan da shi, na kashe. Kwana uku ina fama. Gini ɗaya yana cin awoyi, wuta ta ɗauke a tsakiya, in zauna a ƙofar shago da tocila a hannu ina jiran ta dawo, malamin makarantar kuma kullum bayan La'asar sai ya leƙo ya ce "Yaya dai, Malam, yara suna ta tambaya." Abin ya dame ni ƙwarai, domin na yi masa alkawari. A dare na uku na lura da wani abu a rubutun da ke gudu kafin na'urar ta tsaya: akwai layin ata1 da sunan faifan sarai, amma babu sda ko ɗaya. Ashe libata ta cikin sashen SCSI take miƙa faifan SATA, kuma BLK_DEV_SD shi ke haifar da sda. Filash ma ta nan yake bi. Saboda haka in naka SATA ne, kana buƙatar ATA da SATA_AHCI da BLK_DEV_SD gaba ɗaya. In BIOS yana kan yanayin IDE a tsohon injin Intel, ATA_PIIX ne zai yi aikin. Duk bayanin da ka gani yana maganar hda, ka wuce shi. An cire tsohon sashen IDE tun kanel 5.14 a 2021.

NVMe ba shi da wannan dogon zagaye, BLK_DEV_NVME ya isa, sai dai wasu sababbin laftof na Intel suna ɓoye faifan a bayan VMD, to sai ka kunna shi ma. Na eMMC yana son MMC_BLOCK da direban SDHCI da ya dace, da kalmar rootwait a layin GRUB, manhajar da ke loda kanel lokacin tashi, don kanel ya jira faifan ya bayyana.

Yanzu ga inda nake zargin matsalarka ta biyu take. A menuconfig, y yana gina direba a cikin jikin kanel, m kuma yana ajiye shi a matsayin modul a /lib/modules, wato a kan faifan. Idan direban faifai yana kan faifan da ba a buɗe ba tukuna, ka kulle ɗaki ke nan da makullin a ciki. Abin da ke ceton kanel ɗin Debian shi ne initramfs, ɗan ƙunshin da GRUB ke lodawa tare da kanel, ɗauke da modul ɗin da ake buƙata. Saƙon da ka gani yana nuna naka bai yi aiki ba, domin da ya tashi ya rasa faifai, da ya jefa ka cikin ƙaramin allon umarni na BusyBox. Ko dai ba a ƙirƙire shi ba, ko ka kashe BLK_DEV_INITRD, ko ka kashe irin matsewar da aka yi masa, gzip ko zstd.

Ni ra'ayina, a na'ura ɗaya da ka san cikinta, duk abin da ke kan hanyar tashi ka sa masa y: kontirola, direban faifai, tsarin rabon faifai wato EFI_PARTITION in GPT ne ko MSDOS_PARTITION in MBR ne, da ext4 ko duk tsarin fayil da kake amfani da shi. Sauran ka bar su m. Amma ka kula, ba tare da initramfs ba kanel bai san root=UUID ba; root=PARTUUID yake ganewa, ko suna kai tsaye kamar /dev/sda2. In kuma ka sa LVM, wani tsarin sarrafa rabon faifai, ko ka kulle faifan da kalmar sirri ta LUKS lokacin sa Debian, ba makawa sai da initramfs.

Lambobin cikin saƙon ma suna magana. Sifili biyun nan na (0,0) suna nufin bai samu faifan da aka ce masa ba. Ranar da ka ga 8,2 a wurin, ka ci gaba ke nan: ya ga sda2, tsarin fayil kawai ya rage.

In ba ka son bin su ɗaya bayan ɗaya, ɗauki config ɗin Debian, wato fayil ɗin zaɓuɓɓukan kanel ɗinta, da ke /boot ka yi make localmodconfig, zai kashe duk modul ɗin da ba a loda ba a lokacin. Ka soka filash da duk abin da kake amfani da shi kafin ka buga, in ba haka ba wata rana za ka soka filash shiru. Kuma ka bar loop a kunne, za ka neme shi ranar da kake son buɗe fayil ɗin ISO.

Tsohon kanel kuwa kada ka goge shi daga GRUB ko da sabon ya tashi, da tsohuwar zuma ake magani. Turo mana abin da lsblk -f da lspci -k suka nuna, da layin linux na grub.cfg, in duba maka yau bayan Isha'i in Allah ya yarda. In kuma trotro, motar haya, ta biyo da kai ta Nima, taho da laftof ɗin da cajarsa mu zauna a kai.