An gayyace ni kan takardun da na wallafa, dole ne in faɗi wanda ya ba ni?

Tambaya: Barista, ni ɗan jarida ne a Kaduna. Wani ma'aikaci ya miƙo mini takardun kwangilar wata ma'aikatar jiha, an biya kuɗi ba a yi aikin ba, na wallafa. Yanzu hukumar da ke binciken almundahanar ta aiko mini da takardar gayyata, wai in zo da wayata. Ina mafita?

Amsa: Malam, amsa gayyatar za ka yi, amma kada ka taka ƙofarsu sai da lauya. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka tsare damar yin shiru har sai ya gana da lauyansa.

Kan wallafawar, kana da madogara. Za su iya ɗaga maka Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, musamman in an buga wa takardun hatimin sirri. Sai dai sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kāre ma'aikacin da ya tona almundahana, ya kuma hana a tuhumi wanda ya karɓi bayanin ko ya yaɗa shi. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma, don haka tsohon zancen nan na "ai ta Abuja ce" ya ƙare.

Batun ɓoye majiya kuwa da sauran rina a kaba. Lokacin da Majalisar Dattawa ta nemi Tony Momoh, editan jaridar Daily Times a wancan lokacin, ya faɗi majiyarsa, babbar kotun Legas ta goya masa baya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta zo ta soke hukuncin. Shi ya sa wayar nan ta fi damuna. Ba sai ka buɗe baki ba, WhatsApp ɗinka zai yi magana a madadinka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kāre sirrin saƙonninka, saboda haka lauyanka ya nemi ganin umarnin kotu kafin ka miƙa ta. Kada kuma ka goge komai yanzu, sai a ce ka ɓatar da hujja.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba lauyanka amsarta tsakani da Allah: kuɗi sun shiga tsakaninka da majiyar, ko da ɗan kwangilar? In sun shiga, ko na mota ne, shari'ar ta canza fuska.

In suka tsare ka ya wuce awa 24 ba su kai ka kotu ba, alhali ga kotuna a cikin gari, lauyanka ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna.