Kamfani ya ce ba zai sabunta kwantiragina ba, ina alherin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 7 ina aiki a sito na wani kamfani a Jidda, albashina riyal 2,000. Yanzu sun ce ba za su sabunta kwantiragina ba. Barci ya ƙaurace mini, ga iyali a Kano suna jiran aike. Kowa sai ya ce mini "ƙila alheri ne". Ni dai ban ga alherin ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya musanya da mafi alheri. Masu ba ka haƙuri ba su yi laifi ba, amma ni lissafi zan yi maka, don alherin da ke cikin lamarinka ana iya ƙirga shi da riyal.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 84, ta wajabta wa mai kamfani biyan kuɗin sallama, wanda a nan ake kira mukafa'a: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, kuma da albashinka na ƙarshe ake lissafi. Kai ke nan kana da 5,000 na shekaru biyar, da 4,000 na biyun da suka biyo baya, jimilla riyal 9,000. Da kai ne ka gaji ka ajiye aikin, sashe na 85 kashi biyu cikin uku kawai zai ba ka, wato 6,000. Sallamar da ta hana ka barci ta bar maka dubu uku a aljihu. Kuma doka ta ce su biya ka haƙƙinka cikin mako guda bayan ƙarewar aiki, ba "in sha Allah, bukura" (wato gobe) da aka saba ji ba.

Sashe na 78 kuma ya ce idan mai kamfani ne ya ba da sanarwar sallama, ma'aikaci na da damar ɗaukar yini guda a mako, ko awa takwas, ya je neman wani aikin, ba tare da an taɓa albashinsa ba. Mutanenmu da yawa kunya ke hana su nema. Ka nema.

Da can, canza wurin aiki sai da yardar kafili, wato mai gidan da ka shigo ƙasar a ƙarƙashinsa, wani sai ya sa ka yi ta safa da marwa a ƙofar ofishinsa wata da watanni. Tun watan Maris na 2021 abin ya sauya: wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa wani kamfani ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, ba tare da sa hannun tsohon mai gida ba. Sabon kamfanin ne zai turo maka tayi, ka karanta albashi da kuɗin gida da sunan sana'a a wayarka, ka amince ko ka ƙi. Kuɗin canjin kafala ma a kansu yake, ba a kanka ba. Wannan tsari bai shafi direban gida da 'yar aiki ba, su nasu ta manhajar Musaned yake.

Kafin ka fita, ka karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce bisa doka. Shekara 7 a sito ba wasa ba ce: ka san lissafin kaya, ka san Larabcin aiki, ƙila ma kana tuƙa motar ɗaga kaya. Lokacin da ka zo ba ka da ko ɗaya, abin da aka yanka maka ka karɓa. Yanzu kai ma kana da bakin ciniki, kada ka fara daga 2,000.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada zuciya ta ɗebe ka ka daina zuwa aiki kafin ranar ƙarshe. Su rubuta maka hurub, wato rahoton cewa ka gudu daga aiki, duk wannan lissafin ya dagule. Ka duba ranar ƙarewar iƙamarka (takardar izinin zama) a manhajar gwamnati ta Absher yau ɗin nan, ka sa sabon tayin ya shigo kafin a buga maka bizar fita.