Hoton kamfani ko hoton bajon da ke hannunka?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake hana ka sauko da hoton kamfani daga intanet ka ɗora a tallan bajo, tunda ya fi namu kyau kuma ba ya cin lokaci. To, matso kusa ka gani.

Ɗauki wannan na Disney. Tun 1999 suka fara harkar musayar bajo a wuraren shaƙatawarsu, kuma yau jabu ya cika kasuwa, har da waɗanda masana'anta ta yar saboda aibi aka kwashe ana sayarwa. Shi ya sa mai tara bajo ba ya tsayawa a fuska, baya yake so ya gani. Juya shi. Ka ga tambarin kamfani? Ka ga ƙananan kawunan Mickey, ɓeran nan na katun ɗin Disney, da aka jera har bakin ƙarfen? Idan ƙididdigagge ne aka buga, ga adadin nan a rubuce. Duk wannan babu shi a hoton kamfani, domin wancan hoton wani bajon ne daban, sabo fil, ba wannan da ya yi shekaru a jikin rigar wani ba.

Ni ma na taɓa yin wannan gangancin ina sabon shiga. Na sa hoton kamfani, alhali nawa yana da ɗan ƙarzuwa a gefe wadda ban ɗauke ta komai ba. Mai saye ya dawo da shi, na mayar da kuɗi, na biya kuɗin aike, kuma abin da ya rubuta a kaina ya daɗe yana kore mini ciniki. Wallahi gaskiyarsa ce, abin da ya gani ba shi na aika masa ba. Ko eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ma dokarsu ta hana sa irin wannan hoto a kan kayan da aka yi amfani da su.

Wayarka ta isa. Shimfiɗa farar takarda kusa da taga da hantsi, kashe fitilar waya, don fentin yana ƙyalli ya ɓoye aibi. Ɗauki gaba, ɗauki baya bayan ka cire robar da ke riƙe allurar, a ga ko ta lanƙwashe. Sannan ka karkata shi kaɗan yadda haske zai kwanta a kai. A nan ne ake gane mai fenti sumul da wanda fentinsa ya lotsa tsakanin layukan ƙarfe, a nan kuma ƙarzuwa take fitowa. Inda aibin yake, matsar da kyamara, ba shi hoto nasa shi kaɗai. Ajiye rula a gefe don a san girmansa.

Idan sabbi ne guda hamsin iri ɗaya a ledarsu, ɗauki ɗaya daga ciki, ka rubuta cewa samfuri ne. Yanzu goge wancan na Olamfik da ƙyalle mai laushi, mu fara da shi kafin rana ta juya.