Wayar da ke motsi a tafin hannu

Ka ce ka ga bidiyon wayar da ke lanƙwashewa a hannun mutum yana tsakiyar magana, kana tambaya ko gaskiya ne, kuma ko za ta iso mana nan Circle, kasuwar wayoyin Accra da muke gyara a ciki. Ajiye abin hannunka tukuna, ɗana.

Gaskiya ne, amma ba kayan kasuwa ba ne, gwaji ne. A jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu aka ƙera wata mai suna Bendi a 2015: ka tura ɗan maɓalli a nan, ta hannun abokin maganarka ta lanƙwasa a can. Kafin nan kuma sun yi POKE, wadda iska ke kumbura fuskarta ta dungure ka a kunci. Kada ka zaci taɓawar ce ke bin layi. Saƙo ne ɗan mitsitsi, kamar “ina kwana” a WhatsApp. Aikin duk yana ga abin da zai motsa a ɗaya gefen.

Ciro min motar girgiza daga matacciyar wayar can. Ka ga ɗan ƙarfen da ke bakinta, nauyinsa ya rinjaya gefe ɗaya? Juyawarsa ce ke kaɗa waya a aljihu. Ita kuwa mai lanƙwasa, wani siririn ƙarfe ne a cikinta, gamin nikel da titaniyom, ana ce masa Nitinol. Wutar batir ta ratsa shi, ya ɗau zafi, sai ya koma siffar da aka horar da shi a kai. Amma sai ya huce kafin ya sake. Ga shan batir, ga nawa. A zafin Accra kuwa, yaushe zai huce?

Ni dai ƙura ce ta fi damuna. Duk inda waya ke motsi, ƙofa ce aka buɗe wa hunturu da gumin hannu. Masu ninkewar nan da ake kawo mana, sau nawa ka buɗe ka tarar fulas ɗin da ya ratsa gaɓar, wato siririyar igiyar wutar nan, shi ne ya tsinke? Wannan fa ninki ɗaya ke nan.

Ban raina dabarar ba. Da zan iya matsa hannun tsohuwata da ke can nesa a Aboabo muna waya, wallahi da na biya. Ranar da aka ajiye mana irinta a tebur, kada ka taɓa bod, wato allon injin wayar. Fara auna ƙarfen da mita, ka ga ko bai yanke ba. Yanzu miƙo min sodar.