Jiri, Hajijiya da Tashin Zuciya: Amsoshin Wannan Mako

Wata ɗalibar aikin jinya daga Zariya ta ce an ba ta fassarar takardar faɗakar da matafiya, ta ci karo da "motion sickness". Tana tambaya ko "ciwon motsi" ya yi.

Bai yi ba, 'yata. Ki je tasha ki ce wa wata dattijuwa tana da ciwon motsi, za ta zaci rawar jiki kike nufi. Bahaushe bai raɗa wa abin suna guda ba, faɗarsa yake yi: "mota na sa ni amai", "da na ji warin fetur sai zuciyata ta tashi". Ki rubuta "jiri da tashin zuciya a mota". Su kansu Turawa a hira rarrabawa suke yi: "carsick" na mota, "seasick" na jirgin ruwa, "airsick" na jirgin sama.

Tunda takardar ta matafiya ce, ki sa musu dalili. A can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi. Wanda ke kujerar baya ya duƙufa kan waya, idonsa na cewa a zaune yake, kunnensa na cewa ana shan kwana ana faɗawa ramuka. Wannan saɓani shi ke kawo zufa mai sanyi, yawu ya taru a baki, sai amai. Shi ya sa da wuya ya kama direba, don yana ganin kwanar tun kafin ya sha ta. Ya fi damun yara 'yan shekara 2 zuwa 12. A zauna gaba ko kusa da taga, a kafa ido can nesa, a ajiye waya, kada a cika ciki da maiƙo kafin tashi. Ƙwayoyin da ake sha dominsa kafin tafiya ake shansu, ba bayan zuciya ta tashi ba, kuma galibinsu na sa barci, saboda haka ba na mai tuƙi ba ne.

Wani malamin makaranta daga Katsina yana son bambancin "dizziness" da "vertigo".

Nan ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, Malam. "Dizziness" jiri ne kowane iri. "Vertigo" kuwa daga kalmar Latin mai ma'anar juyawa ta fito: kana tsaye cak, ɗaki na zagaya ka. Muna da wannan a Hausa tun kafin zuwan Bature. Wane yaro ne bai yi wasan hajijiya ba, ya buɗe hannuwa ya yi ta juyi har ya zube, ƙasa na ci gaba da wulwulawa? A kunnena hajijiya da juwa suna ɗauke da wannan juyin, jiri kuma ya fi faɗi: har da na yunwa, da na ƙarancin jini, da duhun da ke gilma wa mutum in ya miƙe zumbur. Na san wasu garuruwa na musanya su yadda suka ga dama, ban ce sun yi laifi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne 'yan boko da suka tattara komai suka zuba cikin "jiri", in sun so burgewa ma su ce "ina jin dizi". A gaban likita wannan ragwancin yana da tsada. Wanda ɗaki ke juya masa in ya juya kai a kan filo, galibi kunne za a fara dubawa. Wanda ke ganin duhu in ya tashi tsaye, awon jini za a yi masa. Ka faɗi wanne ne. Af, "dizzy" ɗin da ake taƙama da ita, a tsohon Turanci ma'anarta wawa.

Wani ɗalibi da ke shirin tafiya Ingila ya tambayi "nausea".

Tashin zuciya ce, ba tashin hankali ba, kamar yadda na kan ji wasu masu fassara na kwaɓawa. Asalinta kalmar Girkanci ce ta jirgin ruwa, wato daga bakin matuƙa jirgin ruwa ta shigo gari. Ka kula da "sick": Ba'amurke ya ce "I was sick", rashin lafiya yake nufi, amma a bakin mutumin Ingila sau da yawa amai ya yi. Mu ma muna da ladabin abin. A gaban manya ba a cewa "na yi amai", sai "na harar", ko a ce haraswa. Yunƙurin da ba ya fito da komai kuwa kakari ne.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: mene ne kumallon da ake karyawa da safe?

Ruwan nan ne mai ɗaci, rawaya-rawaya, da ke tasowa in ciki ba kowa. Lomar farko ke kwantar da shi, shi ne karin kumallo.

Wani ya ce me ake nufi da "ya lashe amansa"?

Ya koma kan abin da ya fito fili ya ce ya bari har abada. Lokacin sauya sheƙar 'yan siyasa za ka ji ta har ta gundure ka.

Mai tambaya ko jariri amai yake yi bayan ya sha nono: tumbuɗi ne, Hajiya.