Zauren Turanci: Tambayoyinku Kan Kalmomin Makaranta

Masu karatu, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan Turancin makaranta suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne tunda lokacin duba sakamako ne da cike-ciken fom. Na rage tsawon tambayoyin don fili ya ishe mu. Gaishe-gaishenku kuma duk sun iso, ina amsawa.

Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. Na rubuta a insha'i cewa "My aunty learned me how to sew", sai malamarmu ta zagaye "learned" da jan biro, ba ta ce komai ba. Ina laifinsa? Daga wata ɗaliba a Anguwan Rogo, Jos.

'Yata, Hausarki ce ta leƙo ta cikin Turancinki. Mu aikatau ɗaya gare mu: na koyi ɗinki, Gwaggo ta koya mini ɗinki. Wannan "mini" shi ke nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Bature kuwa raba aikin ya yi gida biyu. Mai karɓar ilimi shi ke "learn", mai bayarwa shi ke "teach". Don haka ko ki ce "My aunt taught me how to sew", ko ki ce "I learnt how to sew from my aunt". Ki lura "taught" ake cewa, babu wani abu wai shi "teached". Amma "learnt" da "learned" duka daidai ne, na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka. Ki ɗauki ɗaya ki riƙe har ƙarshen takarda.

Haka abin yake a wajen aro. Mukan ce ara mini biro, mu kuma ce na ari biro, shi ya sa duk ajin da na taɓa shiga a garin nan sai na ji "borrow me your biro". Mai karɓa ke "borrow", mai bayarwa ke "lend". Ki ce "Lend me your pen" ko "May I borrow your pen?" Kada ki ji kunya, a tsohon Turanci ma an yi amfani da "learn" da ma'anar koyarwa, kuma har yau akwai yankunan Ingila da ake jin hakan a bakin mutanen karkara. Sai dai mai duba takardar jarrabawa ba ruwansa da wannan tarihin. Sannan "aunty" ta hira ce, a insha'i ki rubuta "aunt".

Malam, yarona ya samu D7 a Turanci, kuma an ce ma'anarsa "pass". Na yi murna har na sanar da 'yan uwa. Da muka je wajen mai kwamfuta don cike fom sai ya ce ba zai samu jami'a da wannan ba. To ya ci ne ko ya faɗi? Daga wani mahaifi a Bukuru.

Alhaji, ka yi haƙuri, mai kwamfutar nan gaskiya ya faɗa maka. Mu a Hausa abu biyu ne, ko an ci ko an faɗi. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO da ta zo a 1999, matakai tara suke da su. A1 shi ne ƙololuwa, sai B2 da B3, sai C4 da C5 da C6 waɗanda ake kira kiredit. D7 da E8 su ne "pass", F9 kuma faɗuwa ce. Wato yaron bai faɗi ba, amma bai kai inda jami'a ke nema ba. Abin da ake so shi ne kiredit biyar, kuma ga galibin kwasa-kwasai dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Duk makin da ya samu a JAMB ba zai cike wannan giɓin ba.

Za ka kuma ga an rubuta "in not more than two sittings". "Sitting" a nan zaman jarrabawa ne, ma'ana an yarda ya haɗa sakamakon jarrabawa biyu, misali WAEC ta bana da NECO, ko da ta masu zaman kansu wadda har yau muke kira GCE. Don haka sauran darussan da ya ci ba su tafi a banza ba, Turancin zai gyara. Sai dai a duba ƙa'idar kwas ɗin da yake so, domin irin su likitanci wasu jami'o'in zama ɗaya suke nema. Kuma don Allah a bar faɗan haka nan. D7 taki ɗaya ke tsakaninsa da C6. A sa shi ya riƙa rubuta insha'i duk mako, wani ya duba masa.

Malam, ina karatu a jami'a a nan Jos. An ba mu fom mai tambayar matakin ilimin wanda ya riƙe ka. Kakana ne ya riƙe ni. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya haddace Alƙur'ani, kuma duk bashin da ke tsakaninsa da abokan cinikinsa a kasuwar Farin Gada da ajami yake rubutawa. Abokina ya ce in sa "illiterate". Hannuna ya ƙi. Mene ne daidai? Daga wani ɗalibi a Naraguta.

Ɗana, hannunka ya fi abokinka sanin Turanci. "Literate" na nufin wanda ya iya karatu da rubutu, ba a ce da wane harafi ba, ba a ce da wane harshe ba. Tun 1958 hukumar UNESCO ta ajiye ma'anar da ƙasashe ke aiki da ita wajen ƙidaya: mutumin da zai iya karanta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, ya kuma rubuta shi, yana fahimtar abin da ke ciki. Mutumin da zai buɗe littafi ya rubuta cewa wane ya ɗauki kwandon tumatir kaza ranar Laraba, ya biya kaza, saura kaza, sannan bayan wata biyu ya buɗe ya karanto wa mai bashin, wannan ya cika sharaɗin har da ƙari. In ba haka ba, sai mu ce mutanen Masar da na Sin da na Habasha duk ba su iya karatu ba, tunda ba da haruffan boko suke rubutu ba.

In kana son ka rufe bakin abokin naka, zaro takardar naira dubu ka miƙa masa. Akwai rubutu a jikinta da haruffan Larabci. Da yawa suna zaton Larabci ne, alhali Hausa ce tsantsa, "naira dubu" aka rubuta. Haka yake a ɗari biyar da ɗari biyu. A da har ƙananan takardun suna da shi, sai a 2007 aka cire daga naira biyar zuwa hamsin. Ka ce ya karanta maka. In ya kasa, to a gaban wannan rubutun shi ne bai iya karatu ba, Kaka kuwa da kallo ɗaya zai karanta.

Inda muka samo wannan ruɗanin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan koya wa manya karatu, aka sa wa shirin suna Yaƙi da Jahilci. Shirin ya yi amfani ƙwarai, dattawa da yawa ta nan suka iya karanta jarida da wasiƙa. Amma sunan ya bar mana tabo, domin ya cusa a zukata cewa rashin boko shi ne jahilci. Daga nan muka riƙa fassara "illiterate" da jahili, har ta zama zagi a bakin direba da kwandasta. A Turanci kalmomi biyu ne daban. Wanda bai san abu ba "ignorant" ne game da abin, ko da farfesa ne. Wanda bai iya karatu da rubutu ba shi ne "illiterate", kuma yana iya zama mai hikima da sanin duniya.

Zan faɗi ɗaya ɓangaren don kada a ce na yi son kai. Ba duk wanda ya yi makarantar allo ne ya cika sharaɗin ba. Akwai yaron da zai biya allonsa tsaf, amma in ka ce ya rubuta wa mahaifiyarsa layi biyu da ajami, ko ya karanta saƙon da aka aiko, sai ya tsaya. Wannan akwai sauran aiki a kansa, kuma ɓoye hakan ba gata ba ne. Kakanka dai ya wuce nan.

A fom ɗin, in akwai gurbin "Qur'anic education", nan za ka sa alama. In babu sai "no formal education", ka zaɓe shi, domin abin da suke nufi shi ne makarantar aji da satifiket. In an bar fili a yi bayani, rubuta "literate in Hausa Ajami". In kuma kana son ka yabe shi da Turanci, kalmar ita ce "learned", amma a nan gaɓa biyu ake furta ta, kamar "lanid", ba kamar wadda ɗalibar Anguwan Rogo ta rubuta ba. Ita ce lauyoyi ke kiran juna da ita a kotu, "my learned friend". A ganina alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ya cancance ta ba tare da gardama ba. Ka gaishe mini da shi.

Malam, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Mai makarantar ya sa an rubuta a allon ƙofa: "Qualitative education, sound knowledges and modern equipments". Na ce akwai gyara, ya ce Turancina ne bai kai ba. Raba mu. Daga wata malama a Rikkos.

Malama, kin ci biyu, ya ci ɗaya da ƙyar. Hausa ba ta ƙyashin jam'i: shawara shawarwari, bayani bayanai, bincike bincike-bincike. Turanci kuwa yana da sunayen da ba a ƙirga su, ba sa ɗaukar "s" a ƙarshe. "Knowledge" na ciki, haka "equipment", "information", "advice" da "homework". In ana son a ƙirga sai a ce "a piece of advice" ko "two pieces of equipment". Ana iya cewa "a good knowledge of Hausa", amma "knowledges" ba ta da gurbi a allon makaranta. Abin ya wuce kwalliya. A insha'in WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar nahawu da rubutu ne, kuma rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure. Yaron da ya yi shekara shida yana wucewa ta ƙarƙashin "equipments" kowace safiya, da ita zai shiga ɗakin jarrabawa.

"Qualitative" kuwa labarinta daban. A Turancin Ingila tana nufin abin da ya shafi yanayin abu, kishiyar "quantitative" mai nufin adadi. Mu ne a Najeriya muka mayar da ita mai inganci. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, wannan ma'anar na ciki, tare da "Kannywood" da "okada" da "send-forth". Don haka ba za a ce ya yi kuskure kai tsaye ba. Ni dai da allona ne, "quality education" zan sa, kowa ya gane, fenti ma ya ragu. Ki gaya masa a keɓe, ba a gaban iyayen yara ba, kin san halin masu makaranta.

Malam, na gama hidimar ƙasa. Na rubuta wa wani abokin karatuna Bature a intanet cewa "I passed out on Thursday", sai ya tambaye ni ko na je asibiti. Daga wani matashi a Tudun Wada.

Allah ya sanya alheri, ɗana. A Turancin yau da kullum "pass out" suma ce. Ma'anar kammala horo ta sojojin Ingila ce da 'yan sanda, daga can muka gaje ta, kuma da aka kafa hukumar NYSC a 1973 da faretinta da kakinta sai kalmar ta bi ta. A nan gida kowa ya gane. Ga na waje ka ce "I completed my national service". In jami'a ce, "I graduated". Tunda kuma yanzu za ka fara rubuta takardun neman aiki: kai ɗaya "alumnus" ne, mace "alumna", taronku "alumni". Kada ka rubuta "I am an alumni".

Malam, "I am offering Physics" daidai ne? Kuma "write exam" ake cewa ko "sit"? Daga wani ɗalibi a Gangare.

Makaranta ce ke "offer" darasi, kai kuma ka yi "take" ko "study". Ka ce "I am taking Physics". Game da jarrabawa, mutanen Ingila "sit" ko "take" suke cewa, Amurkawa "take", mu da Indiya da Afirka ta Kudu da Kanada muna cewa "write". Babu wanda zai ci ka tara a kan "write" a ƙasar nan, amma ka sa "an" ko "the" kafin "exam". In wasiƙar waje za ta, "take" ta fi tafiya ko'ina.

Mai tambaya a kan bambancin "lecturer" da "reader" da "professor", wasiƙarka ta iso a makare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.